Wa Zai Faɗa wa Baba?

Ku da kuke ta turo mini saƙo kuna tambaya ko an sa rana, to an sa. Sai dai ba tawa ba ce, ta Baba ce, kuma shi mai ranar bai san an sa ba. Ku gyara zama.

Baba yana kwance a asibiti, hawa na biyu, gadon da ke jikin taga. Watanni ya yi in ya ci abinci sai abincin ya dawo, har wandonsa ya koma sai ya naɗe ƙugun kafin ya tsaya. Da aka zura masa kyamara ta maƙogwaro, likita ta kira mu ofis, ni da Yayana da Gwaggo, yayar Baba. Ta zana ciki a takarda kamar 'yar jaka, ta yi baƙin ɗigo a daidai bakin mafita. Ta ce ciwon daji ne, ya toshe hanyar da abinci ke wucewa. Ana iya yanke shi, amma ba yanzu ba, don jikin da Baba ya zo da shi ba zai ɗauki aiki ba. Ko an ɗinke, ɗinkin ba zai kama ba. Sai an ciyar da shi ta jijiya mako ɗaya zuwa biyu, ya ɗan yi ƙwari.

"Wato ba a fafe gora ranar tafiya," in ji Yaya. Shi Yaya ko gida ke ci da wuta sai ya nemo wa wutar karin magana kafin ya nemo ruwa.

Gwaggo ta gyara mayafi ta matso. "Likita, don girman Allah kada ki faɗa masa. In ya ji kalmar aiki, wallahi da rigar asibitin nan zai kama hanya."

Ba sharri ta yi masa ba. Baba mahauci ne, rayuwarsa duka da wuƙa a hannu, amma wanzami ba ya son jarfa. Ina 'yar sakandare aka shiga da Mama tiyata, aka ce ƙaramin aiki ne, kafin shayi ya huce an fito. Jakarta da takalminta kawai aka miƙo mana. A bakin ƙofar nan Baba ya rantse wuƙar asibiti ba za ta taɓa fatarsa ba har ya koma ga Allah. Baba kuwa ba ya rantsuwa sau biyu.

Likita ta cire tabarau ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Na ba ku 'yan kwanaki ku faɗa masa da bakinku, tunda ku ne nasa. Amma ni ba na yanka mutum bai sani ba. In kuma ya tambaye ni, ba zan yi masa ƙarya ba."

Ba ta san Baba ba. Da ya hango farar riga sai ya juya wa bango fuska ya kama barcin ƙarya har da minshari. Don haka muka shiga ɗaki muka ce masa gyambon ciki ne, wannan leda kuma maganinsa. Ni na gyara masa matashi lokacin da Yaya ke faɗa. Ban ce komai ba, sai na riƙa ɗaukar hakan a matsayin gaskiya.

Ledar nan ba irin ƙarin ruwan da kuka sani ba ce. Babba ce, fara tas kamar madara, a rataye jikin dogon ƙarfe mai tayoyi. Siririn tiyo ya taso daga gare ta, ya bi ta cikin wata na'ura mai ƙirga ɗigo, ya shige dantsen Baba, aka ce can ciki ya miƙe har babbar jijiyar ƙirji. Duk abin da mutum ke nema a akushi yana cikinta, suga da mai da abin gina jiki, sai ɗanɗano kawai aka manta. Nas kaɗai ke taɓa mahaɗar, da safar hannu, bayan ta goge ta goge kamar mai wanke zunubi. Kullum a soki yatsansa a duba suga. Kuma ledar tana da riga mai duhu da ake lulluɓa mata, wai haske yana ɓata abin da ke ciki.

Saboda lulluɓin Baba ya sa mata suna Hajiya.

"Ita kaɗai ce mace a dangin nan da ke ciyar da ni ba ta yi mini surutu," ya ce.

Gwaggo ta yi fushi na yini guda. Har yau kuma ba ta daina zuwa da kula cike da romo ba, ta ajiye a kan durowa, ta zauna tana hararar Hajiya. Nas ta hana, likita ta hana. Sai Yaya ya shanye romon a baranda don kada a yi asara.

Yanzu bari in kawo muku mutumin da kuke jira. Ga sababbin shigowa, sunansa a bakin kowa Birki. Mai koyar da tuƙi ne, a wurinsa na koya, ko in ce a wurinsa na kasa koya. Dogo ne siriri, rigarsa kullum a goge har karin guga yana iya yanka yatsa, ga alamar makarantar tuƙi a aljihu. Ƙafarsa ta dama ko a kan tabarma yake zaune tana neman birki. Aibinsa ɗaya, bai iya ƙarya ba. Ranar da na gama darasi ya dube ni ya ce, "Gaskiya, kada ki tuƙa mota inda akwai mutane." Sannan ya ƙara, "Kuma ina son ki." Duka biyun da murya ɗaya ya faɗa, shi ya sa na yarda da na biyun.

A gidanmu kuwa ba a yi murna ba. Gwaggo ta ce direba ne da ba ya zuwa ko'ina, kullum yana zagaya fili ɗaya. Yaya ya ce a yi nazari. Ranar da ya zo gaida Baba, Baba ya amsa masa daga bayan jarida, ya ce a dawo wani lokaci. Shekara ta zagayo, wani lokacin bai zo ba.

To likita ta ce dole Baba ya riƙa tattaki kullum don ƙafa da huhu su yi ƙarfi kafin ranar. Yaya yana ofis. Gwaggo gwiwoyinta sun riga ta ritaya. Ni na gwada sau ɗaya, na kai ƙarfen Hajiya na buga wa keken magani.

"Auta, ashe da gaske yaron nan yake," in ji Baba. "Sake ta kafin ki yi kisa."

Ranar nan Birki ya zo dubiya da la'asar, yana raɓe a bakin ƙofa kamar wanda ya zo roƙon wuta. Ya matso ya kama ƙarfen.

"A hankali, Baba. Ga kwana nan. Mu duba hagu, mu duba dama."

"Kai, mota ka ɗauke ni?"

"A'a, Baba. Mota ta fi jin magana."

Na rufe ido ina jiran tsawa. Sai na ji Baba yana dariya, dariyar da rabona da ita tun kafin ciwon. Daga ranar, la'asar na yi Baba zai fara kallon ƙofa. "Ina direban Hajiya?" Su tafi har ƙarshen baranda inda babbar taga take, Baba yana koya masa yadda ake gane naman kirki da ido, shi kuma yana gyaɗa kai kamar za a yi masa jarrabawa. Ni ina bin su a baya da silifas ɗin Baba na biyu, zuciyata tana ɗinka kayan da ba a sa ranarsu ba.

Matsalar da ba mu hango ba ita ce Hajiya ta iya aikinta.

Idanun Baba suka fito daga rami. Muryarsa ta dawo, har ya fara yi wa mai shara gyara. Tunda ba ya cin komai, amai ya tsaya. Kullum da safe nas ta gunguro sikeli ya hau, allura ta ɗan motsa, Yaya ya ɗauki hoto ya tura guruf ɗin gida, a yi ta zuba hannayen addu'a da furanni. Ni kaɗai nake kallon allurar nan ina jin kamar ƙofar tiyata ce take buɗewa kaɗan kaɗan.

Ranar Litinin Baba yana kan sikeli ya dubi nas ya ce, "Ke kam kin iya kiwo. Da ni sa ne, da na ce kasuwa za a kai ni."

Muka yi dariya. Mun yi ta da yawa. Gwaggo har da tari.

Ya sauko ya ce, "Auta, gobe ki zo mini da takalmina baƙi da hulata. Na warke. Juma'a a gida za ta same ni."

Da rana likita ta tare ni a bakin lif. Ta ce jinin Baba ya yi kyau, an sa ranar aikinsa Alhamis. Ta ce, "Ki fahimce ni, ledar nan ba magani ba ce. Ciwon yana nan yana girma. Tiyon nan kuma ba a barin sa a jiki har abada, ƙwayar cuta tana iya bi ta nan. Yanzu ne jikinsa zai iya. In ya tafi gida, cikin ɗan lokaci zai koma yadda ya zo, ko ƙasa da haka. Zuwa gobe da yamma wani ya faɗa masa. In ba haka ba ni zan faɗa, ko da bango zan yi wa magana."

In an faɗa, ya fizge tiyo ya tafi. In ba a faɗa ba, ya sa hula ya tafi. Ku zaɓa mini.

Bayan magariba aka yi taro a falon Gwaggo, falon da kujerunsa har yau suna cikin ledar da aka sayo su, in ka motsa sai su kai ƙararka. Ga kabad cike da kwanukan tangaran da ba a taɓa ci a cikinsu ba. Gwaggo ta sa doguwar rigarta ta zaman makoki, wadda take sawa in tana so a ji tausayinta tun kafin ta buɗe baki.

"Kai ne babba," ta ce wa Yaya.

"Gwaggo, ni na ce masa gyambo ne. In na koma da wata magana, ai na zama maƙaryaci. Ke ce yayarsa."

"Ni da hawan jini? So kake a haɗa gado biyu?" Ta juyo. "Auta ce 'yar gaban goshinsa."

Na buɗe baki, sai na tuno takalmin Mama a hannun nas. Na rufe.

Kujeru suka yi ta ƙara. Can Gwaggo ta sassauta murya, ta yi mini wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarta ba.

"Wai ina yaron nan naki? Mai hankalin nan?"

"Wanne, Gwaggo? Direban da ba ya zuwa ko'ina?"

"Ke rufe mini baki, wasa ne. Ai ɗa ne a gidan nan. Ba ki ga yadda ubanki ke sake masa fuska ba? Kuma an ce bai iya ƙarya ba. To ga gaskiya nan, ya ɗauka ya kai."

Yaya ya gyara zama, fuska ta washe. "Wallahi Gwaggo kin kawo shawara. Da ma na daɗe ina nazarin yaron nan, na ga akwai nagarta."

Shekara guda ina roƙon a kira shi ɗa. Ashe jira ake a sami albasar da za a ari bakinsa a ci.

"In Baba ya yi fushi da shi fa?" na ce.

"Fushin bare ai mai sauƙi ne," in ji Gwaggo. Ba ta ma ji abin da ta faɗa ba. Ɗazu ɗa ne, yanzu bare, duka a numfashi ɗaya. "Ki zaɓa, ran ubanki ko jin daɗin saurayi."

A cikin motar Yaya na rubuta wa Birki saƙo. Birki ya san komai tun farko, shi ya sa duk lokacin da Baba ya ambaci gyambo sai ya sunkuya yana duba tayoyi.

*Suna so kai ka faɗa masa. Gobe.*

Ya gani. Alamar rubutu ta fito, ta ɓace, ta fito.

*Ke kina so?*

*Ban sani ba. In ka faɗa zai iya korar ka har abada.*

*In ban faɗa ba?*

Kafin in rubuta wani abu, ya sake turowa.

*To. Zan zo da la'asar. Kin ci abinci?*

Na kifa wayar a cinya. Yaya yana tuƙi yana cewa komai ya yi farko zai yi ƙarshe.

Ranar Talata na sa abayata ruwan toka, na canza, na sake mayar da ita. Na saka takalmin Baba baƙi da hularsa a leda tunda ya ce in kawo, kuma ban iya ce masa a'a ba. Gwaggo ta riga ni zuwa, da kularta da carbinta. Yaya ya turo saƙo cewa taro ya riƙe shi, amma yana tare da mu a zuci.

Birki ya shigo da farar riga sabuwa, ya yi aski. Baba ya ƙare masa kallo.

"Yau kuma ina za ka, ango?"

"Nan na zo, Baba."

"To ja Hajiya mu tafi. Kwana uku ya rage maka a aikin nan, daga nan sai ka zo gida mu yi waccan maganar da na ce a dawo."

Birki ya dube ni sau ɗaya, ya kama ƙarfen.

Ban bi su ba. Na tsaya a bakin ƙofar ɗaki, Gwaggo tana leƙe ta ƙarƙashin hammatata. Barandar nan doguwa ce, tana warin maganin goge ƙasa. Ina ganin bayansu, Baba cikin rigar asibiti mai igiya a baya, Birki yana rage tsawon takunsa, Hajiya tana rangaji a tsakaninsu cikin lulluɓinta. Suka wuce teburin nas. Suka kai taga. Birki ya sa ƙafa ya taka makullin taya, kamar yadda yake koya wa ɗalibai kafin su kashe mota.

Ban ji ko kalma ɗaya ba. Na ga bakinsa yana motsi, bai sunkuya ba, bai duba taya ba. Na ga Baba yana kallon waje. Na ga kafaɗunsa sun sauka a hankali. Sai hannunsa na dama ya tashi, ya nufi dantsen hagu, inda tiyon yake.

Birki ya riƙe wuyan hannun. Haka yake kama sitiyari in ɗalibi ya nufi rami, ba garaje, ba sakewa. Bare, ya riƙe hannun Baba a gaban jama'a.

"Innalillahi," in ji Gwaggo. "Yaron nan ba shi da kunya."

Sun daɗe a haka. Can Baba ya ce wani abu gajere. Birki ya saki hannun, ya ja da baya, ya ɗan rusuna. Baba ya sa silifas ya buɗe makullin tayar da kansa, ya juyo, ya turo Hajiya shi kaɗai. Ƙarfen yana ta karkata yana gyarawa. Tiyon yana nan a dantsensa.

Ya wuce Gwaggo kamar labule. Ya zauna a bakin gado yana haki, idonsa a kan ledar takalmin da na ajiye.

"Ke ma kin sani?"

"Baba..."

"Kin sani. Kina gyara mini matashi." Bai ɗaga murya ba, na gwammace ya ɗaga. "Gida cike da jinina, sai ɗan wani ne zai faɗa mini abin da ke cikina."

Gwaggo ta fara, "Ai don tausayinka—"

Ya katse ta. "Yaya, je ki sha romonki." Ya juyo gare ni. "Kira mini mai wuƙar."

"Baba, ka yarda ke nan?"

"Na ce ki kira ta. Shi kuma wancan, ki gaya masa kada in ƙara ganin ƙafarsa. Duk na dube shi, abin da ya faɗa zan gani."

Na fita na gaya wa nas. Na duba ƙarshen baranda, babu kowa sai hasken taga. A bayana na ji Gwaggo tana waya da Yaya ƙasa ƙasa. "An faɗa, alhamdulillahi. Yaron ne dai ya yi rashin ladabi. Da ma ni tun farko bai kwanta mini ba."

Wayata ta yi motsi.

*Tayar hagu tana ja gefe. In za ku yi tattaki gobe, ki riƙe ƙarfen sama da hannunsa, kada ya gane kina riƙewa.*

Na tsaya da wayar a hannu. Sai ga ƙarar takalmin likita tana tahowa daga wajen lif, farar rigarta tana kaɗawa. Na leƙa ɗaki. Baba bai juya wa bango fuska ba. Ya ciro hularsa daga leda ya sa, ya ajiye takalmin a ƙasa kusa da ƙafarsa, bai saka ba, bai kuma ture ba.

Likita ta shiga. Na bi ta.

"Ban da ke, Auta," in ji Baba. "Ja mana ƙofar."